ƊANMU YA GAMA KARATUN INJINIYAN SINADARAI: INA ZAI FARA AIKI?

 

A kowace shekara Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, da ta Fasaha a Minna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, suna yaye samari da 'yan mata waɗanda suka karanta injiniyancin sinadarai, kuma daga cikinsu akwai 'ya'yanmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan. Karatu ne na shekara 5 a jami'a idan komai ya tafi daidai, alhali kuwa ba kasafai yake tafiya daidai ba, domin wanda ya shiga kafin 2020 ya sha yajin aikin malamai na wata 9 a wannan shekara, ya sake shan na wata 8 a 2022. Bayan wannan sai shekarar hidimar ƙasa. Sa'an nan yaro ya ɗauko jakarsa ya dawo Hunƙuyi ko Paki ko Gazara, jama'a suna kiransa "Injiniya" cikin girmamawa, shi kuwa kuɗin motar da zai je Zariya ya aika takardar neman aiki sai mahaifiyarsa ta kwance bakin zane.

Idan ka tambayi mahaifinsa me ake jira, amsar guda ɗaya ce: ana jiran NNPC ta buɗe ɗaukar ma'aikata. To, a kan wannan jira nake so mu tsaya, domin ina ganin shi ne yake cinye ƙuruciyar yaran nan fiye da rashin aikin kansa.

Bari mu fara da matatar mai ta Kaduna, wadda saboda ita ne iyaye da yawa suka tura 'ya'yansu wannan fanni. An buɗe ta a 1980, daga baya aka faɗaɗa ta har ta kai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana. Amma ta shafe shekaru ba ta tace komai ba. A 2023 aka ba kamfanin Daewoo na ƙasar Koriya ta Kudu kwangilar gyara ta, kuma har aka shiga 2025 ba ta koma aiki ba. Ita kuwa NNPC, ta buɗe ƙofar ɗaukar sababbin ma'aikata a 2019, ba ta sake buɗewa ba sai 2024. Wato shekara 5 tsakani. Irin waɗannan tallace-tallace kuma yawanci suna zuwa da sharaɗin shekarun haihuwa, wasu kamfanoni su ce kada mai nema ya wuce 26, wasu 28. Yi lissafi da kanka, ya kai ɗan'uwa mai karatu. Yaron da ya shiga jami'a yana da shekara 20 saboda ya makara a sakandare ko ya maimaita jarrabawar shiga, yajin aiki ya ƙara masa shekara biyu, ya yi hidimar ƙasa, yana da 28 ranar da ya karɓi takardar sallama. Ƙofar da aka ce ya zauna ya jira ta rufe masa kafin ya ƙwanƙwasa.

Haƙiƙa matatar Ɗangote da ke Lekki ta fara aiki a 2024, da ƙarfin ganga 650,000 a rana, kuma kamfaninsa na takin zamani da ke kusa da ita an ƙaddamar da shi tun 2022. Wanda ya cancanta ya nema, ba mu hana kowa ba. Sai dai a sani irin waɗannan manyan masana'antu na'ura ce ke tafiyar da mafi yawan aikinsu, mutanen da suke bukata kaɗan ne idan aka gwada da girman dukiyar da aka zuba, masu nema kuwa daga jihohi 36 suke. Ba abin da uba zai ɗora rayuwar ɗansa a kai ba ne.

Abin da jiran nan yake haifarwa ya fi shi muni. Da an shekara biyu ba labari, sai wani ya zo da raɗa cewa akwai gurbi a wata ma'aikatar tarayya, amma sai an ba da kaza. Sai a ɗaga gonar gado ko shanun huɗa a sayar. Wannan ciniki ba ƙage ba ne: a 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti na musamman a kan sayar da guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, aka kuma ji shaidu a bainar jama'a suna faɗin kuɗin da suka biya da waɗanda suka karɓa. Hukuncin rashawa, ga mai bayarwa da mai karɓa da mai kai-komo a tsakani, ba ya ɓuya ga duk wanda yake zama majalisin karatu. Canza mata suna zuwa "na goro" ko "alheri" ba ya canza hukuncin. Ban da haka, gurbin da ka saya wa ɗanka haƙƙin ɗan wani ne da ya fi shi cin jarrabawa. Mafi yawan masu wannan raɗa kuma ma 'yan damfara ne, gonar ta tafi, takardar ɗaukar aikin ta jabu ce. Kada a manta da ranar 15 ga Maris 2014, da aka tara dubban masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa bayan an karɓi Naira 1,000 a hannun kowannensu, mutane fiye da goma suka mutu a turmutsutsu.

Akwai kuma wata ƙofar da take buɗe wa mai wannan karatu cikin sauƙi, wato kamfanonin giya, waɗanda suke a Kaduna tun 1963, domin aikinsu na dafawa da tacewa da sa tsami duk cikin manhajarsa yake. Albashinsu mai tsoka ne. Yaron da ya juya wa wannan baya saboda tsoron Allah ya cancanci mu nema masa madadi, ba mu bar shi da "Allah ya yi maka albarka" kawai ba.

To mene ne madadin? Kafin amsa, wajibi ne mu fahimci abin da yaron ya karanta, domin mutanenmu da yawa idan sun ji "sinadarai" sai su zaci mai shagon magani, wasu kuma su zaci man fetur kaɗai. Ba haka ba ne. Masanin kimiyyar sinadarai yakan gano abu a cikin 'yar kwalba a ɗakin gwaji. Shi kuwa injiniyan sinadarai aikinsa shi ne ya mai da abin kwalbar nan ya zama tan ɗari, da araha, ba tare da an ƙone ko an cutar da mai ci ba. An koya masa lissafin abin da ya shiga tukunya da abin da ya fita da abin da ya salwanta a tsakani. An koya masa yadda zafi yake ratsa ƙarfe, da yadda ake tacewa, da busarwa, da ƙafar da ruwa, da kama tururi a mai da shi ruwa. Ɗanyen mai abu ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ake yi wa wannan aiki. Ruwan rake ma ana yi masa, da tumatir, da gyaɗa, da fata, da ruwan sha.

Wanda ya leƙa littattafan Larabci ya san cewa asalin fannin ma ba a matatar mai yake ba. Jabir bin Hayyan da Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen 925, da tukunya da murhu da abin tatsar tururi suka yi aiki, wato al-anbiƙ, kalmar da Turawa suka ara har yau. Haka kalmar al-ƙali, tokar tsirrai da ake sabulu da ita, irin ruwan tokar da iyayenmu mata suke tsiyayewa. Littafin da ake jingina wa Al-Kindi a kan haɗa turare girke-girke ne na masu sana'a, fiye da ɗari. A Maroko, zamanin Sarki Ahmad Al-Mansur wanda ya yi mulki daga 1578 zuwa 1603, akwai masana'antun sukari a yankin Sus da ake kai kayansu har Ingila. Muna son ambaton waɗannan sunaye a wurin lacca domin alfahari. Abin da ba mu cika faɗi ba shi ne mutanen nan hannunsu yana cikin toka da hayaƙi, ba su zauna jiran takarda daga fadar halifa ba.

Yanzu mu dawo gida mu duba ƙasar da yaron ya tashi a cikinta. Maƙarfi garin rake ne, kowa ya sani, manyan motoci suna lodi zuwa jihohi na nesa. Fadamun Ikara da Kudan tumatir ne da tattasai da albasa. Kudan kuma ta yi suna da noman inabi. A duk Arewa da wuya ka sami ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna da suka tara kayan aikin injiniyan sinadarai kamar waɗannan. Magabatanmu a gwamnati sun ga haka. A 1981, zamanin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa, aka kafa kamfanin sarrafa tumatir na Ikara. Ya yi shekaru kusan ashirin a rufe, aka farfaɗo da shi a 2014 tare da kamfanin Springfield Agro, bai daɗe ba aikin ya sake sarƙewa. Kamfanin sukari da gwamnatin jiha ta kafa a Maƙarfi shi ma ya shafe shekaru a kwance.

Za a ce: to ai ka kashe maganarka da bakinka, tun da kamfanonin sun mutu. A'a. Dalilin mutuwarsu shi ne darasin. Tumatir kusan kashi 95 cikin 100 nasa ruwa ne. Tumatirin gwangwani kuwa ana so ƙwarinsa ya kai kashi 28. Saboda haka kafin a sami kilo ɗaya na kwaɓaɓɓe sai an ƙafar da kilo shida na ɗanye, in kuwa irin mai ruwa-ruwa ne da manomanmu suka saba da shi, sai bakwai ko fiye. Duk ruwan nan da wuta ake korarsa, wuta kuwa kuɗi ce. Sa'an nan tumatir yana yawa ne wata uku zuwa huɗu na rani, sauran shekara injin yana zaune ana biyan masu gadi. Idan kaya ya yi tsada manomi ya kai kasuwa, ba ya kai kamfani, kuma ba laifinsa ba ne. Idan ya yi araha kamfani ba ya iya shanye abin da ake tulawa a ƙofarsa. Ko masana'antar Ɗangote ta Kadawa a Jihar Kano, da aka buɗe a 2016 da ƙarfin tan 1,200 a rana, ta yi ta rufewa da buɗewa saboda ƙarancin ɗanyen kaya, musamman da tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonaki a wannan shekara har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Abin da wannan yake nunawa shi ne babbar masana'anta tana da babban ciki, ba ta jure yunwa. Ƙaramar kuwa, wadda za ta yi tumatir a rani, ta juya ta yi wani abu da damina, ita ce ta dace da mu, kuma tsara irinta shi ne ainihin abin da yaron nan ya yi shekara biyar yana koyo.

Ɗauki kauɗa. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukanmu da rani ya ga tumatir a yanke an shanya a ƙasa, ƙura tana hawa, awaki suna bi ta kai. Rumfar busarwa ta katako da raga da leda mai haske, wadda take tara zafin rana iska tana ratsawa, ba sabon abu ba ne, cibiyar binciken adana amfanin gona mai hedkwata a Ilori da reshe a Kano ta daɗe da ƙera irinta. Amma sanin faɗin rumfa, da kaurin yanka, da yawan danshin da ya kamata ya rage don kada kaya ya yi fumfuna a buhu, wannan lissafi ne, kuma akwai wanda ya iya shi yana zaune a dakalin ƙofar gida.

Maganar mazarƙwaila ta fi wannan faɗi. Nijeriya tana shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen sukarin da take sha, yawanci daga Barazil, a tace shi a Legas a loda mana a mota, ya wuce ta gefen gonakin rake ya shiga kantunanmu. Ba na cewa yaro ɗaya zai gina irin masana'antar Numan ko ta Sunti. Amma je ka wurin masu dafa mazarƙwaila ka tsaya ka duba da idon mai lissafi. Ƙaramin injin matsa yakan fitar da ruwan da bai wuce rabin nauyin rake ba ko ya ɗara kaɗan, sauran zaƙin ya tafi cikin tuƙa a ƙone shi, alhali manyan masana'antu suna kwashe fiye da kashi 90 na sukarin da ke cikin kara. Raken da aka sare ya kwana biyu ko uku kafin a matse, sukarinsa ya fara juyewa, shi ya sa wani dahuwar ba ta daskarewa da kyau. Ruwan rake yana da ɗan tsami, kuma gwargwadon farar ƙasar da aka sa masa shi yake raba kaya mai haske da mai duhu. A Indiya, inda miliyoyin mutane suke ci daga irin wannan sana'a, har yauƙin kuɓewa suke sawa ya tattaro datti sama a kwashe, suna kuma jera tukwane uku ko huɗu a kan maƙogwaron murhu guda, zafin da ya wuce ta farko ya ɗumama ta biyu. Lokacin sauke tukunya, da masu sana'armu suke ganewa da ido da gogewa, ma'aunin zafi yana nuna shi wajen digiri 118. Dabarar amfani da tururin tukunya ɗaya a dafa ta gaba, wadda duk masana'antun sukari na duniya suke tafiya a kanta, wani injiniya mai jinin Afirka ne ɗan birnin New Orleans a Amurka, Norbert Rillieux, ya fito da ita a shekarun 1840. Idan ɗanmu ya iya ƙara wa mai mazarƙwaila ko da kashi ɗaya cikin goma na abin da yake samu daga kowace mota ta rake, wallahi ba zai nemi wanda zai biya shi ya rasa ba.

Inabin Kudan kuwa ba ya jure ajiya, kuma mun san abin da wasu ƙasashe suke yi da rarar inabinsu. Mu namu hanyoyin su ne zabibi da ruwan inabi da ba a bari ya yi tsami ba. Kilo huɗu na ɗanye yake ba da kilo ɗaya na zabibi. Wane iri ne daga cikin waɗanda ake nomawa zai busu da kyau, wannan gwaji ne na 'yan kwanduna, ba ya bukatar miliyoyi.

Sai dai kada a fahimce ni a karkace. Ba ina cewa yaro ya ajiye takardar hidimar ƙasa yau, gobe ya kafa masana'anta ba. Wanda bai taɓa kwana a gaban tukunyar tururi ba, bai taɓa ganin yadda ake rufe layi saboda kaya ya ɓaci ba, idan aka ba shi jari zai ƙone shi. Aikin fari aikin koyo ne, kuma wurin koyonsa ƙananan masana'antu ne da matsakaita: masu matsar man gyaɗa da waken suya a Zariya da Kano, majemu na Challawa da Sharaɗa, masu sabulu da fenti da robobi a Bompai, injinan casar shinkafa, masu haɗa takin zamani, ma'aikatar ruwa, har ma da gidajen ruwan leda waɗanda dokar NAFDAC ta wajabta musu kula da ingancin abin da suke sayarwa. Irin waɗannan ba sa talla a jarida. Da ƙafa ake zuwa, a nemi shugaban sashen sarrafa kaya, a gaya masa abin da aka iya. Albashin farko kaɗan ne, wani wuri da ƙyar ya haura mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, wasu masu masana'antun kuma suna da zaluncin riƙe ma'aikaci shekaru a matsayin ɗan wucin-gadi, wannan abin Allah wadai ne. Duk da haka, shekara biyu a ɗakin gwajin kamfanin mai na girki ta fi shekara biyu a majalisar shayi, domin ta farko ana rubuta ta a takardar neman aiki, kuma ita ce "ƙwarewar" da manyan kamfanoni suke tambaya.

Wanda yake aji huɗu yanzu ya lura da wata shidan nan na koyon aiki a masana'anta. Da yawa suna neman ofishin da za a sa musu hannu a littafi su koma gida. Wannan asara ce babba, kuma ha'inci ne. Nan ne ƙofa ta farko take. A Basawa akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, a Samaru akwai ta fata, dukkansu tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba daga Ikara. Haka mai hidimar ƙasa da aka tura makaranta, ya riƙe amanar ɗalibansa, amma bayan an tashi ya nemi masana'antar da ke garin ya roƙi a bar shi ya riƙa shiga.

Ku kuma iyaye, idan aiki ya fito a Agbara ko Ota ko Obajana ko Eleme, ku sake shi ya tafi. Kakanninmu sun kai Gwanja a ƙafa saboda goro, sun kafa Sabo a Badun da zango a Agege, ba su bar sallarsu a hanya ba. 'Ya mace da ta karanta wannan fanni ita ma kada a naɗe takardarta a adaka, ɗakunan gwajin inganci suna ɗaukar mata.

Saura masu hannu da shuni. A tsakanin Tashar Yari da Zariya ƙidaya gidajen mai nawa ne, wasu ma ba mai a cikinsu. Kowa ya samu kuɗi sai gidan mai, sai jerin shaguna, sai umra ta bakwai. Alhali babin ƙirali, wato mudaraba, yana nan a littattafan fiƙihun da muke karantawa: kai ka kawo dukiya, shi ya kawo aiki da sani, riba a raba bisa kason da aka yi sharaɗi tun farko, hasara idan ba da sakaci ba ta hau kan dukiya, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Kuɗin fanfo biyu na gidan mai sun isa a gina rumfunan busarwa da murhun gwaji. Sai dai a rubuta yarjejeniya da shaidu, a fara da kaɗan, a kuma zaɓi yaron da ya riga ya yi shekara biyu ko uku a masana'antar wani, ba wanda yake ɗan ƙanen matar Alhaji kawai ba.

Kwamitocin ilmi na rassanmu a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi suna iya yin abu guda da ba ya cin ko kwabo: su rubuta sunayen 'ya'yan yankin da suka gama wannan karatu da makamantansa, da shekarar gamawa, da inda kowannensu ya yi koyon aiki, su kuma rubuta sunayen 'yan'uwa da suke aiki a masana'antun Kano da Kaduna da Legas waɗanda za su iya cewa "turo shi in gabatar da shi", ba tare da karɓar komai ba. Saran rake yana kankama da shigowar sanyi, tumatir kuma yana cika kasuwa daga Janairu. Idan takardar ta kammala kafin kaka, yaran da aka zaɓa za su iya tsayawa a gindin murhu da ma'auni da littafi a wannan kakar, su kawo wa masu jari lissafin tukunya na gaske a watan Afrilu.